Tsohon babur da raunin wutar fulogi: shin rile ne maganin?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya: "Ina da Honda CB750 ƙirar 1976, mai kwantak, ban canza masa komai ba. Da safe sai sitata ta yi ta juya inji ba ya kamawa, amma in na buga kik sau ɗaya ko biyu sai ya tashi. Na ɗora mita na samu bolt 12.5 a kan batir, a bakin kwayil kuma 10.6. An ba ni shawarar in sa rile. Yaya ake haɗa shi, kuma ba zai ƙona mini kwayil ba?"

Malam, wannan awon da ka yi ya rage mana rabin aiki. Yawancin masu zuwa mini da irin wannan kuka sun riga sun canza fulogi, sun wanke kafireto sau biyu sau uku, wani har ya sayi sabon kwayil, amma ba wanda ya tuna ya ɗora mita a kan waya. Rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa, zai taimaki babur ɗinka, kuma da nawa ne ni ma zan sa masa. Sai dai ka sani tun yanzu cewa rile ba ya ƙara wa batir komai. Gajarce wa wuta hanya kawai yake yi, don abin da ke zubewa a tsakani ya isa kwayil, wato na'urar da ke ba fulogi wutar tartsatsi. Akwai kuma aikin da ya kamata ya riga shi, wanda in ka tsallake, ka rufe ciwo ne da bandeji ba ka wanke shi ba.

Bari mu bi wutar da ƙafa. A CB750 kwayil biyu ne maƙale a ƙarƙashin tanki, ɗaya na ba silinda ta 1 da ta 4 wuta, ɗayan na ba ta 2 da ta 3. Tsakaninsu da batir bai kai kamu biyu ba. Amma wutar ba nan take bi ba. Tana fita daga batir ta jar waya, ta ratsa babban fis mai amfiya 15, ta isa makulli. In ka murɗa makulli sai ta fito ta baƙar waya, ta shiga kwanon fitilar gaba inda wayoyi suka cunkushe kamar taliya a tukunya, ta hau hannun dama zuwa makashin inji, wato maɓallin nan mai RUN da OFF, sannan ta sauko ta baƙar waya mai farin layi ta dawo ƙarƙashin tanki. A kowace tasha akwai ƙarfe biyu da ke taɓa juna. Ranar da babur ya fito daga kamfani duk suna ƙyalli, suna matse. Yau kusan shekara 50 ke nan suna shan ƙura da ruwan sama da zafin inji da girgiza. Kowanne yana ɗan karɓar harajinsa, kuma in ka tara su sai ka ga bolt 2 ɗin nan da ka rasa.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne turjiyar da ke jawo wannan asara ƙarama ce ƙwarai. In amfiya 4 zuwa 5 na bi ta layi, turjiyar da ba ta kai rabin om ba ta isa ta cinye bolt 2. Mitar hannu ta yau da kullum ba ta iya bambance irin wannan, domin wayoyin mitar kansu suna da tasu. Shi ya sa mutum zai auna makulli ya ji mita ta yi ƙara, ya ce lafiya lau yake, alhali shi ne babban ɓarawon.

Kada kuma ka raina bolt 2. Ƙarfin da kwayil ke tarawa kafin ya saki tartsatsi ba ya tafiya kai da kai da wutar da ke shigarsa, yana tafiya ne da wutar an ninka ta a kanta. Raba 10.6 da 12.5, za ka samu wajen 0.85. Ninka 0.85 sau 0.85, ya ba ka 0.72. Wato ka rasa kashi 15 cikin 100 na bolt, amma fulogi ya rasa kusan kashi 28 na ƙarfinsa, kuma wannan tun inji na tsaye ke nan. Da ka danna sitata, ita kaɗai tana jan wuta mai yawan da batir kansa zai sauka zuwa wajen bolt 10, wani lokaci ƙasa da haka in ya fara tsufa. Cire harajin hanya daga wannan, abin da ya rage wa kwayil bai fi 8 da ɗoriya ba, a daidai lokacin da inji ke da sanyi, mai bai gama narkewa da iska ba, kuma ya fi kowane lokaci bukatar tartsatsi mai ƙarfi. Da ka koma kik, sitata ba ta raba abinci da kwayil, sai ya tashi. Akwai wata alama 'yar'uwar wannan da za ka iya lura da ita: inji ya ƙi kamawa duk tsawon lokacin da kake danne da maɓalli, sai a daidai ƙiftawar da ka saki ya kama. In kana ganin haka, to ba kafireto ba ne.

Kafin ka sayi komai, sake awon ta hanyar da za ta nuna maka wurin da wutar ke zubewa. Buɗe murfin kwantak, wato ɗan makunnin da inji ke buɗewa yana rufewa don kwayil ya saki tartsatsi, ka juya inji a hankali har bakin kwantak ya rufe, domin sai ya rufe kwayil ke jan wuta. In a buɗe yake, mita za ta nuna maka cikakken bolt ko da silin tagulla ɗaya ne ya rage a cikin wayar. Kunna makulli, makashi a kan RUN. Ka ɗora jan tsinken mita a kan batir mai alamar +, ka bar shi nan kada ka motsa shi. Da baƙin tsinken sai ka riƙa bin hanya: bayan fis, sannan baƙar waya da ta fito daga makulli, sannan baƙa mai farin layi a bakin kwayil. Lambar da mita ke nunawa ita ce asarar da aka yi daga batir zuwa wurin. Inda ta yi tsalle, nan ɓarnar take. Ka yi da hanzari, kada makulli ya wuce minti ɗaya a kunne inji na tsaye, zan faɗi dalili nan gaba. A wajena, in jimillar asarar ba ta kai rabin bolt ba, babu abin da rile zai ƙara maka da za ka ji a jiki. In ta kai bolt 1 ko ta wuce, akwai aiki.

Aikin farko shi ne wanki. Zare fis ka duba 'yan maƙalan da ke riƙe shi. A tsofaffin Honda sukan saki, su yi baƙi, har ka ga robar da ke kewaye da su ta narke saboda zafi. Goge su da samfefa mai laushi har tagulla ta fito, ka matse su da filaya. Cikin kwanon fitila, zare kowane soket ɗaya bayan ɗaya, kada ka zare biyu a tare don kada ka rikice, ka goge koren da ya hau kansa, ka ɗan matse bakin macen don namijin ya shiga da ƙarfi. Makashin inji kuwa, in za ka buɗe shi ka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, domin akwai ɗan sifirin da ɗan boris a ciki da ba su kai ƙwayar gero biyu ba, in suka yi tsalle cikin ƙasar gareji sai dai haƙuri.

Me ya sa na nace da wanki alhali rile zai kewaye duk waɗannan? Saboda wannan baƙar wayar ba kwayil kaɗai take ciyarwa ba. Fitilu da ham da sigina a kanta suke, kuma mafi muhimmanci, regiletar caji ta CB750 daga ita take karanta halin da batir ke ciki, daga ita kuma take ɗibar wutar da take ba janareta. In baƙar waya tana nuna ƙasa da gaskiya, regileta za ta ɗauka batir na jin yunwa, ta yi ta ɗura masa caji a kan doguwar tafiya har ruwansa ya riƙa ƙafewa. Rile zai gyara tartsatsi ya bar maka wannan matsalar a ɓoye. Bayan wanki ka sake awo. Sau da yawa asarar kan ragu sosai, amma makulli da makashi masu shekara 50 ba sa komawa sabbi, kuma bayan damina ɗaya ko biyu sukan fara komawa gidan jiya. A nan ne rile ke cin kuɗinsa.

Rile dai makunni ne da ƙaramar wuta ke sarrafawa. A cikinsa akwai ɗan naɗin waya da ke zama maganaɗisu, ya jawo wani ƙarfe ya haɗa babban layi. Naɗin ba ya cin fiye da wajen amfiya 0.2. Ka ga ke nan tsohon makulli da makashi, waɗanda a da suke dakon abincin kwayil biyu, yanzu sun koma 'yan aike, saƙo kawai suke kaiwa. Nemi irin na mota mai ƙafa huɗu, bolt 12, wanda ake sa wa ham ko fitila. Amfiya 20 ko 30 da aka rubuta a jikinsa ya ninka bukatarka sau da yawa. Ka juya ƙasansa za ka ga lambobi a gefen kowace ƙafa: 30, 87, 85, 86. Tsarin Jamus ne da ake kira DIN 72552, kuma kusan duk masu ƙera irin wannan rile shi suke bi, don haka lamba za ka bi, ba wurin da ƙafar take ba.

Cire kan batir mai alamar − tukuna. Ƙafa ta 30 ita ce mashigar babbar wuta: jawo sabuwar waya mai kaurin milimita 1.5 daga kan batir mai alamar +, ka sa mata fis mai amfiya 10 a cikin gidansa mai murfi, kusa da batir iyakar iyawarka, kada ya wuce taƙi ɗaya. Ƙafa ta 87 ita ce mafita, daga nan waya mai irin wannan kaurin za ta tafi kwayil biyun. Ɗaga tanki za ka ga baƙa mai farin layi da ta fito daga cikin babban kunshin wayoyi tana da baki biyu, kowane kwayil ya soka tasa a ciki. Zare su. Wayoyin kwayil biyun su koma kan sabuwar wayar 87. Tsohuwar da ta fito daga kunshi, wadda yanzu ta zama ba kowa a kanta, ita za ka ƙara wa tsawo ta je ƙafa ta 86, ɗaya bakin nata kuma ka toshe shi. Ƙafa ta 85 ta tafi bodi, ko dai koriyar waya ta Honda ko wani noti a jikin firam da ka kankare fentin ƙarƙashinsa. Shuɗiya da rawaya da ke zuwa daga kwantak ba ruwanka da su. In mai ƙafa biyar ka samu, ta tsakiya mai lamba 87a tana ɗauke da wutar batir duk lokacin da babur ke kashe, don haka ka rufe ta da kyau kada ta taɓa komai.

Wurare biyu ne ake yin kuskuren da ke iya kai mutum asibiti, kuma a kansu nake so ka tsaya.

Na farko, wasu don gudun ɗaga tanki sukan ɗauki saƙon 86 daga baƙar waya, ko daga wayar fitilar baya. Babur zai tashi lafiya, makulli zai kashe shi, amma makashin hannu ya mutu murus ba tare da mai shi ya sani ba. Ranar da totur ya maƙale a buɗe, ko babur ya faɗi da kai tayar baya na juyawa kusa da ƙafarka, babban yatsanka zai danna maɓallin da ba ya haɗe da komai. Saƙon rile dole ya fito daga bayan makashi, babu sassauci a wannan.

Na biyu, barin tsohuwar waya a haɗe da sabuwa. An taɓa kawo mini wani babur da aka yi wa wannan aiki a wani wuri. Mai shi ya kashe makulli a gabana, ya zare shi ya riƙe a hannu, inji na ta silo abinsa, fitilar nutiral a kunne. Da na ɗaga tanki sai na ga an feɗe rigar baƙa mai farin layi, an murɗa sabuwar waya a kanta, an naɗe da salatif, ba a raba komai ba. Da rile ya kama sau ɗaya, wutar da ke fita ta 87 sai ta zagayo ta ciyar da 86, ya riƙe kansa da kansa, har ta bi ta makashi ta koma baya ta kunna sauran babur. Sai da muka zare fis ya mutu. Layin 87 da layin 86 ba sa haɗuwa a ko'ina.

Fis ɗin nan kuma ba ado ba ne. Sabuwar wayar 30 tana da wuta dare da rana, ko makulli na aljihunka, kuma ba ta bi ta babban fis na Honda ba. In ta goga da firam har rigarta ta cinye, ba abin da zai tsaya tsakanin batir da gobara, a ƙarƙashin tankin mai. Ka zura ta cikin tiyo na roba, ka ɗaure ta tare da babban kunshi, nesa da kan inji da gefen ƙarfe mai kaifi.

Wasu rile suna da ɗan diyod a ciki tsakanin 85 da 86, wato abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, za ka gan shi a zanen da ke jikinsu kamar kibiya mai sanda a baki. Irin waɗannan ba sa yafe juyi: 86 ce ke karɓar +, 85 ta tafi bodi, in ka juya diyod ya ƙone nan take. Shi ya sa na ba ka tsarin a haka tun farko, don ya yi daidai da kowane iri. Wajen girkawa, nemi wuri a ƙarƙashin kujera ko bayan murfin gefe, ka sa ɗan roba tsakaninsa da ƙarfe saboda girgiza, ƙafafunsa su kalli ƙasa don ruwa kada ya kwanta a ciki. A ƙasar da hunturu ke cusa ƙura ko'ina, mai rufaffen jiki ya fi. Kuma ka sayi na kirki. Yanzu duk rayuwar injinka ta rataya a kan wannan ɗan akwati, ba wurin neman araha ba ne.

Batun ƙona kwayil: a'a, muddin kwayil na asali ne ko makamancinsa. Na CB750 mai kwantak yana da turjiya wajen om 5. A bolt 10.6 yana jan amfiya 2.1, a 12.5 zai ja 2.5. Wannan ba ƙari ba ne a kan abin da Honda ta tsara, komawa ne ga abin da yake samu yana sabo. Abu biyu ne ke dafa kwayil. Ɗaya, barin makulli a kunne inji na tsaye kwantak a rufe, domin wuta na bi ta cikinsa ba hutu, kuma bayan ka sa rile zai fi saurin zafi fiye da da. In za ka gwada fitila ko sigina, mayar da makashi OFF. Na biyu, sa kwayil mai om 3, irin wanda aka yi don na'urar kunnawa ta lantarki, a kan kwantak. A bolt 14 na caji wannan zai ja fiye da amfiya 4.5, bakin kwantak ya riƙa ƙonewa, janaretan da tun asali ba ya cika caji a silo ya ƙara shan wahala. A da raunin waya ne ke ɓoye wannan kuskure, rile kuwa zai tona shi. Don haka ka auna kwayil ɗinka kafin ka fara, ko wani ya taɓa canza su kafin babur ya zo hannunka.

Ga masu wasu babura da za su karanta wannan, kada ku ɗauki launin waya daga nan ku kai can. A Suzuki GS wayar kwayil ruwan lemo ce mai farin layi, baƙa mai farin layi kuwa ita ce bodi, akasin Honda ke nan ƙiri-ƙiri. A Kawasaki Z1 da KZ rawaya ce mai jan layi, a Yamaha XS650 ja mai farin layi. Tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph da BSA da Norton, mafi yawansu kan + ne ke haɗe da bodi kuma jar waya ita ce ta bodi, don haka fis ya koma ɓangaren −, mai diyod kuma a juya masa 85 da 86. Babur mai batir bolt 6, kamar Honda CD175, sai rile mai bolt 6, na mota ba zai kama yadda ya kamata ba. Mafi yawan ƙananan baburan da ke yawo a titunanmu kuwa, da tsohuwar Vespa, wutar fulogi daga magneto take fitowa, wato ɗan janaretan maganaɗisu da inji ke juyawa, ba daga batir ba, kuma makulli na kashe su ne ta hanyar zubar da wutar a bodi. A irin tsarin Honda na waɗannan, baƙa mai farin layi wayar kashewa ce, in ka kai mata wutar batir kana iya hallaka CDI, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa tartsatsin fulogi. Gwajin mai sauƙi ne: in babur na tashi da kik batir a cire, wannan aikin ba nasa ba ne.

Komawa kan naka, Malam, kada ka yanke waya ko ɗaya ta asali. Yi amfani da soket irin na Honda, masu shiga juna, ka matse su da filayar matsewa ta gaskiya, ka ja kowanne da hannu ka tabbata ba ya zarewa. Amfanin haka shi ne in rile ya mutu a hanya, ka ɗaga tanki, ka zare wayoyin kwayil daga sabon layi ka mayar da su bakinsu na da, cikin 'yan mintuna ka koma tsarin kamfani ka isa gida. Fis na ajiya ɗaya ya zauna a jakar kayan aiki.

In ka gama, mayar da batir, kunna makulli, ka kaɗa makashi tsakanin RUN da OFF, ka ji rile na cewa ƙas a kowane juyi. Sake awon asara daga kan + zuwa bakin kwayil, kwantak a rufe: ya kamata yanzu ta sauka ƙasa da bolt 0.3. Tayar da inji, kashe shi da makashi, sake tayarwa, kashe shi da makulli, dukansu biyu su kashe shi nan take. In bayan wannan har yanzu yana gardama da safe, to ka duba tazarar bakin kwantak ta zama milimita 0.3 zuwa 0.4, ka duba kwandansa da hulunan fulogi, sannan ka kai batir a gwada shi da nauyi, domin wanda ke nuna 12.5 a zaune yana iya durƙushewa da zarar sitata ta hau kansa.